Rasuwar Sajan, Tarkon Bakin Kanal

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Dalhatu na Gidan Tambaya, kan hanyar Kura zuwa Bunkure, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wanda muke shan ruwan kanal ɗaya da shi, cewa tarkona wanda aka fi sani da Sajan ya riga mu gidan gaskiya. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce, tara ga Fabrairu 1988, da hantsi, a bakin aikinsa. Ganuwar ƙaramin kanal ce ta fashe a daidai ramin ɓeran da yake gadi. Ruwa ya tafi da shi, ya kwantar da alkamata eka biyu, ya ƙarasa cikin tumatirin maƙwabcina. Ni na jawo. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya wahalar da kansa yana raɗa a bayana.

An haifi marigayi da kakar 1985, a gindin mangwaron da ke gonar Hananiya. Ga wanda bai san Hananiya ba, shi ne dogon mutumin nan na Kagoro da ya zo aikin haƙa kanal, aiki ya ƙare ya ga wuri ya yi masa, ya samu fili ƙasa da nawa yana noman tumatir. A shekarar nan ɓerayen gona sun mai da ni abin tausayi. In shuka da safe, su tone kafin la'asar. Na kawo kyanwa, ta kwana biyu ta koma gidan mai kifi. Na sayo tarkon ƙarfe a kasuwar Bunkure, ya kama yatsana sau biyu, ɓera kuwa ko sau ɗaya. Ina zaune ina hura yatsa Hananiya ya ƙetaro kunya ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Malam Dalhatu, ɓeran nan ba ɗan birni ba ne, bai san tarkon kanti ba. Samo min waya mai laushi in yi maka irin na gidanmu."

Akwai babur ɗina da ke kwance a zaure tun lokacin da kayan gyara suka ɓace daga kasuwa. Na zare wayar kulocinsa na kai masa. Ya sassaro sandar geza kamar kamu biyu, ya kafa gindinta a ƙasa, ya lanƙwaso kanta, ya yi wa wayar zarge daidai bakin rami, ya tokare da ɗan tsinke. Ɓera ya fito ya sa kai ya taɓa tsinke, sanda ta miƙe, zance ya ƙare. Ba mu bar wurin ba sai da ya yi kamun farko. Maikuɗi mai shayi ne ya raɗa masa suna, don ya ce yadda yake miƙewa ƙyam in ya kama, sai ka ce soja ya hango na gaba da shi. Ba a yanka rago ba, amma an sha shayi.

Duk wanda ya san Sajan zai shaide shi da haƙuri. Shekara biyu da wata huɗu yana yi min aiki, bai taɓa cewa kansa na ciwo ba. Bai taɓa tafiya biki Madobi ya share kwana uku ba. Bai nemi goron Sallah ba. Abincinsa ɗan kitsen da nake shafa wa wayar don tsatsa, shi ma sai wata-wata. Rana ta dake shi, sanyi ya dake shi, yana nan a sunkuye inda na bar shi. Magana ɗaya tak ya iya a rayuwarsa: fau! Ina can ƙarshen gona ina ban-ruwa, in na ji fau sai in dogara fartanya in ce, "Madalla, Sajan." Akwai mutanen da na zauna da su shekara arba'in, sun yi surutun da zai cika rumbu, ba su faɗi abin da ya kai wannan fau ɗin amfani ba.

Kuma ba azzalumi ba ne. Shekarar da aka yi ta yayin maganin ɓera na gari, kowa ya barbaɗa, kajin maƙwabcinmu Sammani bakwai suka sheƙa a yini guda, har da karen wani Bafillace da bai ji ba bai gani ba. Ɓerayen kuwa suka ci suka sha ruwa suka dawo neman ƙari. Sajan bai taɓa hallaka marar laifi ba. Sau ɗaya ne ya cafke zabuwar Maikuɗi, ita ma ita ta je leƙen ramin da ba na ubanta ba. Allah ya sa a ƙafa ya riƙe ta, muka same ta da rai muka yanka. Maikuɗi ya ci cinya biyu ya yafe.

Na samu wata igiyar rama, duk ɓeran da ya kama sai in yi ƙulli ɗaya. Da yamma in rataya kamun ranar a ƙahon keke, in bi ta gaban teburin Maikuɗi a hankali, in tsaya kamar sarƙa ce ta zame. Mutane su taso su kewaye ni. A nan aka fara ce min Sarkin Tarko. Da farko da wasa ake faɗa, ni ma da wasa nake amsawa. Da wasu mutum biyu suka taso takanas daga Kumbotso don su ga yadda nake ɗana shi, sai na daina jin wasa ne. Har hula na canza. Ranar da ya rasu, igiyar nan tana da ƙulli ɗari uku da goma sha huɗu.

Masu zuwa gaisuwa suna ta tambaya ko ya daɗe yana jinya. Gaskiya lafiyarsa ƙalau har ranar da ya cika. Mai ciwon ni ne, kuma ga yadda ciwon ya faro.

Tun ranar haihuwarsa Hananiya ya ba ni ƙa'ida. Ya ɗaga yatsu uku ya ce, "Kwana uku a rami ɗaya, kada ka ƙara. Rana ta huɗu ka cire shi, ka cusa duwatsu da laka, ka daddaɓe, ka matsa rami na gaba. Tarko yana rage ɓera ne kawai. Toshiyar ce take riƙe ganuwa." Shekarar farko na bi wannan magana sau da ƙafa. Ana haka sai na gano wani rami a jikin ganuwar ƙaramin kanal, daidai kan gonata, ƙarƙashin wani kurmin ciyawa. Sauran ramuka kwana biyu sun ƙafe. Wannan kuwa kullum sai ya bayar, wata rana ma biyu. Rana ta huɗu na zo da lakata a kwando, niyyata ƙalau. Saura taku uku in isa sai na ji fau! Na dubi lakar, na dubi Sajan yana tsaye ƙyam da wata gafiya kamar ɗan zomo. Na ce to, gobe. Na zubar da lakar. Goben nan ita ce ba ta zo ba sai bayan wata goma sha huɗu.

Kowa ya sani, duk shekara kafin a sako ruwan rani, mu manoman layi ɗaya mukan fita gayya, mu bi ganuwa daga get ɗin da ake sako ruwa har ƙarshe muna toshe ramuka. Bara da Nuwamba aka fita. Sammani, wanda muka ɗora a kan sha'anin ruwan layinmu, shi ke gaba da sanda yana zungurar ƙasa. Suka iso kaina, mutum ashirin da wani abu, kowa da laka har gwiwar hannu.

Sammani ya ce, "Sarkin Tarko, ɗauke mana yaron nan naka mu toshe."

Na ce, "Wannan ramin yana da mai gadi. Ku wuce gaba."

Ya ce, "Mai gadinka yana bakin ƙofa, su kuma suna gini a cikin ɗaki. Ka ji yadda sandata take nitsewa?"

Na ce, "Sandarka ce mai tsini."

Sai na tattare riga na zauna daram a saman ramin. Ni, mai furfura a gemu, mai 'ya'ya a gidan aure. Na ce duk wanda zai zuba laka a wurin nan sai dai ya fara zuba ta a kaina.

Sammani ya dubi kan nawa ya ce, "Ai da za ta shiga da tuni mun zuba."

Aka kwashe da dariya aka wuce. Hananiya ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya bari sai da suka yi nisa, ya tsuguna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, gonata ce fa a ƙasanka."

Ga amsar da na ba shi, na rubuta ta don a san irin mutumin da ya riƙe marigayi: "Kai ka haife shi, amma ni na rene shi. Na fi ka sanin halinsa." Ya girgiza kai, ya ɗauki kwandonsa ya bi sahu.

A lokacin nan gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, rediyo kullum sai kiran a noma alkama. Na zuba ta eka biyu cif, ban bar ko fangali ɗaya na albasa ba. Kuma ta yi. Tunda gonata ce a kan ruwa, babu alkamar da ta kai tawa a layin nan. Ta kawo min ƙugu, kai ya cika, iska ta kaɗa ka ji tana shuu kamar ana tankaɗe. Ɗakin matata Ummulkhairi ya shekara huɗu yana yoyo, duk damina sai ta jera kwanuka a ƙasa kamar mai talla. Na tsaya a tsakar gida na daki ƙirji na ce mata bana alkama za ta rufa mata kwano kafin ruwan farko. Ta ce Allah ya nuna mana.

Yanzu zan faɗi abin da ko a gaban mai unguwa ban faɗa ba. Cikin Disamba kamu ya ja baya. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. Na bi ta gaban tebur da ƙahon keke wayam, Maikuɗi ya ɗaga murya yana juya shayi, "Sarkin Tarko, yau Sajan ya tafi hutun ƙarshen shekara ne?" Aka yi dariya. Dariyar nan ta hana ni cin tuwo. Kashegari na ɗebi dawa tafi biyu daga ƙwaryar Ummulkhairi na zuba a aljihu, na je na watsa a bakin ramin. Da na ga abin ya karɓa sai na ƙara da gyaɗa. Fau ta dawo. Ɓerayen ma suka ƙara kyan gani, gashi na sheƙi, sai a riƙa ɗagawa ana cewa kai, wannan ya ci ya ƙoshi. Ni kuma in gyara hula. Wato mutumin da ya nemo tarko don ya raba gonarsa da ɓera, shi ne ya koma kai wa ɓera abinci don kada tarkonsa ya ji kunya.

Ummulkhairi ta ce, "Malam, anya ɓerayen gonar nan ba su biyo ka gida ba? Dawata sai raguwa take yi."

Na ce ta riƙa rufe ƙwaryarta da kyau. Ranar wanki ta zazzage aljihun rigata, dawa ta zubo a tsakar gida, kaji suka yo ca. Ta tsaya da rigar a hannu tana kallona. Na gaya mata gaskiya, don ban iya ƙaryar gaggawa ba.

Ta ce, "Ashe kiwo muke yi ban sani ba. To in sun haihu a ware min mace ɗaya."

Alamomin ajali sun bayyana, ni ne na ƙi gani. Ciyawar gefen ramin ta fi ta ko'ina kore. In na taka wurin sai ƙafata ta nitse har idon sawu. Wata safiya na tarar da ɗan ruwa yana tsattsafowa ta bakin ramin, yana jiƙa gindin Sajan. Na ce raɓa ce. Raɓar da take gudu. Na samo dutse na ɗora masa gindi a kai don kada ya yi sanyi. Kun ji iyakar jinyar da na yi.

Talata ce ranar ruwan layinmu. Rana ta ɗan ɗaga aka buɗe get, kanal ya cika har baki. Ina can ƙasan gona ina jera bututun ban-ruwa, sai na ji fau! Da ƙarfi, irin wadda ban taɓa ji ba. Na miƙe na ce, "Madalla, Sajan." Maganarmu ta ƙarshe ke nan da shi. Ba ɓera ne ya taɓa tsinken ba, ruwa ne.

Bayanta sai na ji wani gurnani kamar ana tuntsure tulu, amma tulun da ya kai ɗaki. Na waiwaya na ga ganuwa ta buɗe baki kamar ƙofar zaure. Kafin in yar da bututun hannuna ta kai faɗin mota. Ashe cikinta duk rariya ce, ƙasar saman ce kawai ta rage kamar ɓawon ƙwai. Sai ga ɓeraye suna fitowa, manya da yara, iyaye da jikoki, suna iyo cikin natsuwa kamar waɗanda aka yi wa sanarwa tun jiya. Ɗari uku da goma sha huɗun da nake taƙama da su, ashe 'yan aike ne. Masu gidan suna ciki suna cin dawata.

Na ruga na shiga tsakiyar ɓarakar, na ware hannuwa biyu, wai ko ruwa zai ji nauyina. Ya ɗauke ni ya maka da ƙasa. Sabuwar hular nan ta tafi, takalmi ƙafa ɗaya ya bi ta. Sammani ne ya fizgo ni ta wuyan riga, sannan ya haye keke ya tafi a rufe get. Kafin ruwa ya tsaya an kusa azahar. Alkamar da ta kawo min ƙugu ta kwanta, jar ƙasa da yashi sun hau kanta, sai ka rantse ba a taɓa shuka komai a wurin ba. Ɗan gefen tudu ne ya tsira, bai fi rubu'in eka ba. Daga nan ruwan ya gangara gonar Hananiya. Tumatirinsa ya nuna jawur, motar da za ta ɗauka ranar Juma'a za ta zo. Na tsaya da takalmi ƙafa ɗaya ina kallon tumatir yana yawo a kan ruwa, shi kuma yana tsaye a tsakiya, ruwa har gwiwa, ya riƙe kwando ɗaya babu komai a ciki.

Ba a ga gawa ba sai ranar Laraba. Ina zaune a zaure kusa da babur, na ƙi fita, sai na ji sallama. Hananiya ne, da buhun taki a naɗe a hammata. Ya durƙusa ya warware shi a gabana.

Ya ce, "Malam Dalhatu, ga Sajan. A fangalina na shida na same shi. Na wanke shi."

Sandar ta karye biyu. Wayar tana nan, ta shaƙe tamau, kuma ba fanko take ba. Ko ta yaya aka yi, Allah ne ya sani, amma a cikin zargen akwai kan alkama cikin hannu guda. Kamunsa na ƙarshe ke nan a duniya, alkamar ubangidansa.

Na sunkuyar da kai ina jiran Hananiya ya ce ai na gaya maka. Na ma shirya amsa, don ban taɓa rasa amsa ba. Bai ce ba. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ya roƙi ruwan sha, ya sha, ya tambayi ƙafar da na gurɗe, ya tafi. Wallahi da zagina ya yi da na samu abin riƙewa.

Ranar Alhamis aka taru a ƙofar mai unguwa. Tun ranar Talatar jama'a suka tare ɓarakar da buhunan ƙasa don ruwa ya wuce wa na ƙasa, kada amfanin kowa ya ƙone saboda mutum ɗaya. Mai unguwa ya yanke cewa cikon da ya rage ni kaɗai zan yi shi, da kwanon sarki, a kaina, tunda a kan nan matsalar take. Sannan ɗan rubu'in ekar da ya tsira na Hananiya ne.

Hananiya ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar masa. Yana da iyali, kuma ya yi wa maiɗakinsa alkawarin kwano, duk gari an sani."

Na miƙe na ce, "Ba a bar min ba."

Ya ce, "Malam, zauna. Ni na yafe."

Na ce, "Ni ban karɓi yafiyar ba. Kai ba ka da iyali? Matarka Sabina da yaran tumatirin da ya bi ruwa za su ci?"

Ya ce shi ya kawo tarkon tun farko, da nasa laifin a ciki. Na ce ƙarya ne, ya kawo tarko da ƙa'idarsa, ni na karɓi tarkon na bar ƙa'idar a gindin mangwaro. Aka yi ta ja, shi yana turo min alkama ina tura masa, har mai unguwa ya fara hamma. Taurin kan da ya kashe Sajan bai bi ruwa tare da shi ba, don haka ni na yi nasara. Da za a watse Sammani ya dafa kafaɗata ya ce, "Yau dai kan nan ya yi rana."

Marigayi ya rasu ya bar mahaifinsa Hananiya, wanda ya yi rashi biyu a yini ɗaya bai ɗaga murya ba. Ya bar mahaifiyarsa, tsohon babur, tana nan kwance a zaure, har yanzu ba a samu mai ƙarfin zuciyar gaya mata ba. Ya bar igiya ɗaya mai ƙulli ɗari uku da goma sha huɗu. Ya bar ni. Ya kuma bar ɓeraye da ba a san adadinsu ba, waɗanda aka ce an ga sun ƙetara layin gaba suna neman masauki. Duk wanda ya ga ɓera mai ƙiba da sheƙi a gonarsa, yana tafiya kamar ɗan kasuwa, nawa ne, ina neman afuwa. Kada a ba shi dawa, ya saba.

Game da jana'iza, na je na tambayi Liman ko akwai wani abin da ake karantawa, ya ce in tashi in ba shi wuri. Saboda haka ba za a yi salla ba. Za a binne marigayi ranar Asabar da hantsi, a cikin ɓarakar da ya rasu. Hananiya zai jera duwatsun kabarin kawai, ni zan zuba laka in daddaɓe, kamar yadda aka ce in yi tun rana ta huɗu. Ya ce in an share makoki zai sassaro min wata gezar. Na ce ya dakata tukuna sai na koyi ƙirga uku.

Zaman makoki a bakin kanal ne, daga safe zuwa la'asar, har kwana tara ko abin da ya fi haka, gwargwadon yadda wuyana ya ɗauka. Ba a shimfiɗa tabarma ba, don mai makokin ba zama zai yi ba. Wanda bai san ni ba, ni ne mutumin da ke ɗauke da kwanon sarki, babu hula. Kada kowa ya zo da shebur, hukunci ya hana taimako. Mai son yin dariya ya yi ta a gabana, ya fi min sauƙi. Abu ɗaya nake roƙo, sunan nan na Sarkin Tarko a haɗa shi da gawar a binne.

Ba za a yi sadakar uku ba, balle ta bakwai. Masu sa ran alkaki ko fankasau su yi haƙuri. Cikin watan gobe alkamar da ta tsira za ta isa yanka, ni zan yanke ta, in sussuke, in sheƙe, in ɗauka a kaina in kai ƙofar Hananiya, ko ya buɗe ko kada ya buɗe. Abin da ya shigo gidana daga noman bana shi ne ɗan cikin hannun da aka cire daga wuyan Sajan. Ummulkhairi ta murje shi, bai cika ludayi ba, ta watsa wa kaji. Igiyar ƙullin kuma ta ɗaure akuya da ita, ta ce ƙullin yana da daɗin riƙo.

Mata masu gaisuwa sai su same ta a gida. Ɗakin yana nan yadda suka san shi, kuma haka damina za ta same shi. Ta riga ta nuna min daidai inda yoyon ya fi zuba, ta ce bana ba za ta ɓata kwanukanta ba, a nan za a yi min shimfiɗa.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya ba maƙwabtana haƙurin zama da ni.

Mai sanarwa,
Dalhatu Gidan Tambaya, mariƙin marigayi.